Soyayyen dankalin Turawa: da me ake gane mai kyau a gidan abinci?

A farkon shekarar 2025 wani kamfanin gidajen abinci na Amurka mai suna Steak 'n Shake ya ba da sanarwar cewa zai daina soya dankalin Turawa da man tsirrai, ya koma soya shi da narkakken kitsen shanu, wato abin da muke kira kakide. Sakataren lafiya na ƙasar, Robert F. Kennedy Jr., wanda ya daɗe yana sukar man da ake tatsa daga waken soya da masara da angurya, ya je wani reshen kamfanin ya ci a gaban kyamara, ya kuma yaba. Tun daga lokacin gardama ta kaure a kafafen sada zumunta, wasu na cewa kitse ne sirrin daɗin cips, wato soyayyen dankalin Turawa da aka yanka sili-sili, wasu na cewa an dawo da abin da likitocin zuciya suka sha wahala kafin su kawar. Gardamar ta taso da wata tambaya da ta fi ta daɗewa, wadda kuma ta shafi duk mai shiga gidan abinci a Kano ko Yamai ko Landan: idan aka ajiye wa mutum farantin cips a gabansa, da me zai yanke hukuncin cewa an yi aikin kirki ko an cuce shi? Yawancin masu ci suna kallon launi, ko su tambayi irin man da aka yi amfani da shi, ko su tambaya ko ɗanyen dankali aka fere ko daskararre aka zazzago daga leda. Duk waɗannan suna da tasiri, amma a ganina babu ɗaya daga cikinsu da ya kai yadda mai suya ya sarrafa ruwan da ke cikin dankalin muhimmanci.

Abin da ake nema a sili ɗaya

Ɗanyen dankalin Turawa kusan kashi 80 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne, ragowar kuma akasari sitaci. Sa'ad da aka jefa yankakken dankali cikin mai mai zafi, tafasar da ake gani da ƙarar da ake ji ruwan jikinsa ne yake fita a matsayin tururi. Bayan silin yana bushewa ya zama ɓawo mai ƙaras-ƙaras, cikinsa kuwa zafinsa ba ya wuce na tafasasshen ruwa, don haka dahuwa yake yi da tururinsa, sitacin ya kumbura ya yi gari-gari kamar dafaffiyar doya mai kyau. Cips mai inganci shi ne wanda ya haɗa waɗannan halaye biyu da ke karo da juna a sili ɗaya, kuma wahalar aikin ita ce ruwan da ya rage a ciki kullum ƙoƙari yake yi ya fito ya jiƙa ɓawon. Kowace dabara da masu suya suka ƙirƙiro, daga zaɓen dankali har zuwa irin mazubin da ake kawo shi a ciki, ƙoƙari ne na jinkirta wannan fitowa.

Sai dai kafin a hukunta faranti, ya kamata a san wane irin cips gidan ya yi alkawari. Sirara irin na McDonald's, babban kamfanin gidajen abinci na Amurka, waɗanda kaurinsu bai kai santimita ɗaya ba, ɓawo ne ya fi yawa a jikinsu, suna shan mai fiye da masu kauri, suna kuma hucewa da wuri. Na Beljiyam sun kai kimanin santimita ɗaya ko su ɗan ɗara, ana son a ji ɗanɗanon dankalin sosai a cikinsu. Na shagunan kifi da dankali a Ingila kuwa kaurara ne, a al'ada ana yayyafa musu ruwan tsami a naɗe su a takarda, kuma ɗan laushin da suke yi ba aibi ba ne a wurin masu cinsu. Wanda ya auna na Ingila da ma'aunin na Amurka bai yi adalci ba.

Dankalin da aka fara da shi

Ba kowane dankali ne yake yin cips ba. Masu sana'ar suna neman wanda busasshen abin da ke cikinsa ya kai kashi 20 cikin ɗari ko ya wuce, domin ƙarancin ruwa yana nufin saurin yin ɓawo, ƙarancin shan mai, da ciki mai gari. Shi ya sa masana'antun Amurka suka dogara da nau'in Russet Burbank, dogon dankali mai yawan sitaci wanda asalinsa ke komawa ga aikin Luther Burbank a shekarun 1870, su kuma 'yan Beljiyam suka daɗe suna riƙe da Bintje, wanda wani malamin makaranta ɗan ƙasar Holan ya samar a farkon ƙarni na 20.

A nan ne batun ya taɓa mu kai tsaye. Mafi yawan dankalin Turawan da ake ci a Najeriya daga Jihar Filato yake fitowa, daga yankunan Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, kuma cikin nau'o'in da manoman can suka daɗe suna shukawa akwai Nicola, dankali mai ruwan ƙwai a ciki, mai santsi da danƙo idan ya dahu. Nicola yana da daɗi a fate da miya domin ba ya dagargajewa, amma wannan halin da ya sa ya dace da tukunya shi ne yake sa ya yi wuyar bushewa a kasko. Mai abincin da ya sayi buhu a kasuwa ba kasafai yake sanin nau'in da aka auna masa ba, balle ya zaɓa, saboda haka wani laushin da muke ɗora wa mai suya tun daga gona ya taso.

Ajiya ma tana da nata hannun. Idan aka ajiye ɗanyen dankali a wuri mai sanyi sosai, ƙasa da digiri 6 a ma'aunin Celsius ko makamancin haka, wani ɓangare na sitacinsa yana juyewa ya zama sukari. Irin wannan dankali yana yin duhu a cikin mai tun cikinsa bai dahu ba, sai a samu cips mai launin ƙasa-ƙasa, mai zaƙi-zaƙi da ɗan ɗaci, alhali ya yi laƙwas. Wanda kuma rana ta daka har ya yi kore yana tara wani sinadari mai ɗaci da ake kira solanin, wanda suya ba ta kawar da shi. Idan aka ga kore a bakin sili, alama ce cewa ba a tsaya an zaɓe dankalin ba kafin a yanka.

Dalilin suya sau biyu

Faransa da Beljiyam sun daɗe suna jayayya a kan wanda ya fara wannan abinci. Labarin da ya shahara a Beljiyam shi ne cewa mazauna bakin kogin Meuse sun fara soya dankali wajen shekarar 1680 a madadin ƙananan kifi idan kogin ya daskare, amma masanin tarihin abinci Pierre Leclercq, wanda shi kansa ɗan Beljiyam ne, ya nuna cewa dankali bai ma iso yankin ba a lokacin, kuma talaka ba shi da kitsen da zai yi wannan almubazzaranci da shi; shi yana ganin masu talla a titunan Paris ne suka fara. Ko ma wane ne ya fara, rumfunan suya na Beljiyam ne suka mayar da suya sau biyu ta zama ƙa'ida.

Ana fara soya dankalin a mai marar tsananin zafi, tsakanin digiri 130 zuwa 160, har ya dahu ba tare da ya canza launi ba. Sai a tsame a baza shi ya huce, tururi ya fice, sitacin da ke bayansa ya daskare ya yi wata 'yar fata. Idan mai saye ya zo, sai a mayar da shi cikin mai mai zafin kimanin digiri 175 na minti biyu ko uku, wannan fatar ta bushe ta zama ɓawo mai kauri da zai iya jure tururin ciki na ɗan lokaci. Wani mai dafa abinci ɗan Ingila, Heston Blumenthal, ya ƙara mataki na uku a shekarun 1990, inda ake fara dafa dankalin a ruwa har ya kusa farfashewa, domin tsage-tsagen da ya yi su ne suke zama wuraren da suka fi ƙaras idan an soya.

Suya sau ɗaya, wadda ita ce aka fi yi a gidajenmu da ƙananan wuraren cin abinci, tana tilasta wa mai suya zaɓi tsakanin abu biyu marasa daɗi: ko ya rage wuta dankalin ya dahu amma ya sha mai, ko ya ƙara wuta bayan ya soyu cikin yana da sauran tauri. Abin ya fi muni idan aka cika kasko. Na taɓa tsayawa a bakin tagar kicin ɗin wani gidan abinci da rana tsaka, lokacin da oda ta yi yawa, na ga yaron suya ya juye roba guda ta jiƙaƙƙen dankali, ruwa na ɗiga, cikin man da bai fi rabin kasko ba. Ƙarar suyar ta mutu nan take, man ya koma yana ɓul-ɓul a hankali kamar miyar da aka rage wa wuta, kuma ya ɗauki mintoci kafin ya farfaɗo. Abin da aka kawo mana daga baya fari ne fat, ya lanƙwashe a kan cokali mai yatsu, ya bar tabkin mai a gindin faranti. Laifin ba na dankalin ba ne, ba kuma na irin man ba. An zuba abin da ya fi ƙarfin wutar ne kawai.

Kitse ko man tsirrai

Masu goyon bayan kitse suna da hujja ta tarihi. Har zuwa shekarar 1990 McDonald's da cakuɗen da kusan dukansa kitsen shanu ne yake suya, kuma mutane da yawa da suka ci na wancan zamani suna cewa ya fi gardi. Wani attajiri mai suna Phil Sokolof, wanda ya tsira daga bugun zuciya, ya kashe dukiyarsa wajen sayen shafukan jaridu yana zargin kamfanonin abinci da cutar da jama'a, har kamfanin ya sauya. Abin takaicin shi ne man da aka koma wa an sarrafa shi ta hanyar da ke haifar da wani nau'in kitse da ake kira tirans, wanda daga baya aka tabbatar ya fi na shanun illa ga zuciya, kuma sai a 2008 kamfanin ya gama fitar da shi daga suyarsa a Amurka. Masu kare kakide suna yawan kafa hujja da wannan kuskure. Suna kuma da gaskiya cewa kitsen shanu yana jure zafi, ba ya saurin lalacewa kamar wasu mayukan tsirrai.

Ɗaya ɓangaren, wanda ya haɗa da Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka, yana cewa kusan rabin kitsen shanu nau'in kitse ne mai daskarewa wanda ke ɗaga kolestarol marar kyau a jini, kuma bincike mai yawa ya nuna cewa musanya shi da man tsirrai yana rage haɗarin ciwon zuciya. Ga mai ci, abin da za a iya ɗauka shi ne kitse yana ƙara ƙamshi da ɗanɗano, amma bai mayar da cips abincin lafiya ba, kuma ƙaras-ƙaras ɗin da ake nema ana samunsa da man gyaɗa kamar yadda ake samunsa da kakide.

Akwai wani gefen da ya shafi Musulmi da duk mai kiyaye abin da yake ci saboda addini. Bayan sauyin 1990 McDonald's ya ci gaba da sa ɗanɗanon naman shanu a dankalinsa na Amurka, lamarin da ya sa mabiya addinin Hindu da masu ƙaurace wa nama suka kai shi kotu, ya nemi afuwa a 2002 ya kuma amince ya biya dala miliyan 10. Matafiyin da ya shiga rumfar suya a Brussels, babban birnin Beljiyam, ya ɗauka dankali ai dankali ne, zai yi kyau ya tambaya, domin da yawa daga cikinsu da kitsen dabba suke suya har yau.

Amma abin da ya fi irin man tasiri a farantin yau da kullum shi ne shekarunsa, idan za a iya kiransu haka. Sabon mai fil yana fitar da cips fari-fari marar ƙamshi sosai. Wanda aka ɗan yi aiki da shi ya fi ba da launi da gardi. Wanda ya tsufa kuwa yana yin duhu da kauri, ya riƙa kumfa, ya yi hayaƙi tun bai yi zafi sosai ba, ya kuma shige cikin dankalin maimakon ya tsaya a bayansa. Ƙasashe da dama sun kafa iyaka a kan gurɓatattun sinadaran da ke taruwa a man suya: Jamus tana amfani da kashi 24 cikin ɗari, Indiya kuma ta sa kashi 25 tun daga 2018. Mai ci ba shi da na'urar awo, amma yana da harshe. Tsohon mai yana barin ɗaci da ɗan ƙaiƙayi a maƙogwaro, yana barin danƙo a dasashi, kuma idan cips yana ƙarnin kifi ko ƙamshin kaza, to kasko ɗaya ake yi wa kowa. Da tsadar da mai ya yi, jarrabar maimaita shi har ya koma baƙi tana da ƙarfi a kan mai ƙaramin jari, kuma wannan ya fi cancantar damuwar mai saye a nan fiye da gardamar da ake yi a Amurka.

Launi da abin da yake ɓoyewa

Launin zinariya da ƙamshin suya suna fitowa ne daga haɗuwar sukari da sinadaran furotin a cikin zafi, abin da wani masani ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, ya bayyana a 1912. Mutane da yawa suna ɗauka cewa gwargwadon duhun cips gwargwadon soyuwarsa, alhali launi labarin sukarin dankalin yake bayarwa fiye da labarin bushewarsa. Ana samun cips mai haske da ke karyewa ƙaras, ana kuma samun mai duhu da ya yi laƙwas.

A 2002 masu bincike a Suwidin suka gano cewa wannan haɗuwar tana haifar da wani sinadari mai suna akirilamaid a abinci mai sitaci da aka soya ko aka gasa da zafin da ya wuce digiri 120. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta riga ta sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya jawo cutar ga ɗan Adam, bisa gwajin da aka yi a kan dabbobi. Tarayyar Turai ta kafa doka da ta fara aiki a watan Afrilun 2018, wadda ta umarci masu sana'ar su riƙe zafin mai a digiri 175 ko ƙasa da haka, su tsaya a launin zinariya mai haske, ta kuma sa ma'aunin maikirogiram 500 na akirilamaid a kowane kilon cips. Ba abin firgita ba ne ga wanda yake ci jefi-jefi, amma ya isa dalilin da zai sa mutum ya ture silin da suka yi baƙi gefe, ya kuma daina ɗaukar ƙauri a matsayin alamar gwaninta.

Daskararre ko wanda aka fere yanzu

Wannan ita ce fahimtar da ta fi kowace karkacewa. Gidan abinci yakan yi alfahari cewa shi ɗanyen dankali yake ferewa, mai ci kuma ya ɗauka hakan kaɗai ya isa shaida. Daskararren cips na masana'anta, irin wanda wani ɗan kasuwar dankali na Amurka, J.R. Simplot, ya fara kai wa McDonald's a 1967 kuma kamfanoni kamar McCain na Kanada da Lamb Weston suke sayarwa a duniya, an zaɓi dankalinsa bisa yawan sitaci, an yanka shi daidai wa daida, an ɗan dafa shi a ruwan zafi don wanke sukarin bayansa, an busar, an yi masa suyar farko, sannan aka daskarar. Wato suya sau biyu ce aka raba tsakanin masana'anta da gidan abinci, shi ya sa ko yaron da bai ƙware ba yake iya fitar da abu mai kyau da shi. Wanda aka fere a kicin yana iya fin sa ɗanɗanon dankali nesa ba kusa ba, amma sai an wanke sitacin bayansa, an tsane shi sarai, an kuma yi masa suya biyun. Idan aka tsallake waɗannan, na leda ya fi shi.

Raunin daskararre a wurinmu wutar lantarki ce. An yi shi ne don a zuba shi cikin mai yana ƙanƙara. Idan firiza ta mutu ya narke, aka kawo wuta ya sake daskarewa, silin suna manne wa juna, su kakkarye, su sha mai. Farantin da ya cika da gutsattsari da 'yan guntaye sau da yawa tarihin firizar gidan yake faɗa.

Mintocin da ke tsakanin kasko da baki

Ko an yi komai daidai, cips abinci ne mai gajeren rai. Yawancin man da yake sha ma ba a cikin kasko yake shansa ba, sai bayan an tsame shi, lokacin da tururin ciki ya lafa ya zuƙo man da ke bayansa. Don haka girgiza kwando da tsanewa nan take suna rage maiƙo ƙwarai. Gishiri kuma a wannan lokacin ya kamata a barbaɗa, yana da zafi, domin ya kama, kuma nesa da kaskon saboda gishiri yana lalata mai. Idan aka ga gishiri ya taru a gindin faranti silin kuma lami, an barbaɗa ne bayan ya huce.

Odar da ake kai wa mutane gida a babur ita ta fi fallasa wannan rauni. Ana zuba cips mai zafi a robar ɗaukar abinci, a rufe ruf, a ƙulle a leda, wani lokaci ma a ɗora kaza da miyarta a kai. Kafin a yi tafiyar minti ashirin murfin ya yi gumi, ɓawon da aka sha wahala a kansa ya jiƙe. Manyan kamfanoni sun ƙirƙiro cips mai siririn rufin sitaci da mazubai masu huji saboda wannan matsala, amma hukunta gidan abinci da abin da ya iso a rufaffiyar roba zalunci ne ga mai suyar, ko da yake gidan da ya damu da sunansa zai huda murfin ko ya zuba a takarda.

Gwajin da ya fi gaskiya a kan tebur ake yinsa, kafin a taɓa yaji ko mayonis ko tumatirin kwalba, domin waɗannan suna rufe ɗacin tsohon mai. A ɗauki dogon sili ɗaya ta ƙarshensa a ga ko zai tsaya a miƙe. A karya shi biyu: ya kamata a ji 'yar ƙara, tururi ya fito, a ga cikin fari mai gari ya cika ɓawon, idan cikin ya yi ƙyalli kamar gilashi mai ya ratsa shi, idan kuma rami ne fanko an wuce da suyar ko an daɗe ana ɗumama shi. A dubi yatsu da takardar da ke ƙarƙashi, ɗan maiƙo ba laifi, jiƙewa sharkaf kuwa laifi ne. Sannan a bar 'yan sili a gefen faranti, a ci sauran abincin, a dawo musu bayan minti biyar. Wanda aka yi wa suya ɗaya a cikin gaggawa zai riga ya kwanta ya yi tauri kamar roba, wanda kuwa aka soya sau biyu a mai mai tsabta zai huce amma bakinsa na nan da sauran ƙaras, kuma har lokacin ɗanɗanon dankali ake ji a cikinsa.